Koyon Sana'a a Gaban Gwani

Koyo a gaban gwani tsohuwar hanya ce ta shiga sana'o'in fasaha. Mai koyo yakan fara da aike da kallo, daga baya a ba shi ƙaramin aiki, ana gyara masa har hannunsa ya faɗa. Sanin laushin yumɓu, ko lokacin da gashi ya isa, abu ne da yatsu da ido ke koya a hankali.

Rayuwar Ladi Kwali ta nuna inda wannan hanya kan kai mutum. A garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Da hannu zalla ake ginin, ana zana wa tukunya siffar ƙadangare, kifi ko kunama. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, ɗan Ingila, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma ita ce mace ta farko a wurin. Can ta koyi gini a kan faifai mai juyawa da gashi da wuta mai tsananin zafi, ba tare da ta yar da zanen gida ba.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984, hotonta kuma yana kan takardar naira 20. Dukan iliminta na sana'a a bakin aiki ta same shi, daga malamai biyu masu hanya daban-daban.