Littafin Adashen Inna

Ruwan sama ne ya kai ni ga koyon abin da ake kira bulokcen, ba son kuɗi ba, ko da yake son kuɗin ya riga shi zuwa.

Mahaifiyata ce uwar adashen matan unguwarmu a Kanya Babba. Mata goma sha biyu ne, kowacce tana kawo zubinta ranar Juma'a, Inna ta rubuta a wani littafin makaranta mai bango ja, ta cusa shi ƙarƙashin katifa. Wata damina rufin ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya bi ta gefen gado ya jiƙa littafin, tawadar shafi biyu ta narke. Da lokacin kwasa ya zo, wata daga cikin matan ta rantse ta yi zubin makonni uku da Inna ba ta tuna da su ba. Babu shaida, babu rubutu. Inna ta sayar da akuyarta ta cike giɓin, ba ta ce da kowa uffan ba. Akuyar ba ta dame ni ba kamar yadda na ga ta daina ɗaga kai idan ta gamu da matan a gidan biki. Shekara goma sha biyar tana riƙe da kuɗin mutane, shafi biyu suka sa ana yi mata kallon tuhuma.

A shekarar 2024 guguwar mainin ta iso garinmu kamar yadda ta shiga Kazaure da Ɓaɓura da Kano. Duk rumfar mai cajin waya da ka leƙa, samari ne sun sunkuya suna dangwalar allo, kowa na lissafin motar da zai saya ranar da abin zai fashe. Ni ma na dangwala har yatsana ya yi kanta, kuma abin da na samu bai biya kuɗin data ba. Amma a cikin surutun na tsinci magana guda da ta tsaya mini a rai: wai akwai littafin lissafi wanda ba a iya goge abin da aka rubuta a cikinsa. Nan take na tuna da littafi mai bango ja.

Ba ni da kwamfuta. Da wayata na fara, na sauke wata manhaja mai suna Pydroid wadda ke ba mutum damar rubuta yaren Python a kan Android. Wata biyu na yi ina fama da abubuwan farko, yadda ake ajiye lamba da yadda ake sa na'ura ta maimaita aiki, kuma sau da yawa waƙafi ɗaya da na manta ya cinye mini dare. Na lura yawancin masu farawa suna so su tsallake wannan mataki su faɗa kan kirifto kai tsaye. A ganina wannan hawan rimi ne ba tare da an koyi hawan turmi ba.

Ranar da na fahimci sirrin abin, ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida. Akwai wani lissafi da ake kira SHA-256. Duk rubutun da ka ba shi, ko kalma ɗaya ce ko littafi guda, zai mayar maka da jerin haruffa da lambobi guda 64, tamkar zanen yatsan wannan rubutu. Na rubuta sunan garinmu, ya ba ni tambarinsa. Na sauya harafi ɗaya kacal, sai tambarin ya rikiɗe gaba ɗaya, babu ko kama da na farko. To, a bulokcen kowane shafi yana ɗauke da tambarin shafin da ya gabace shi. Wanda ya taɓa shafi na uku ya ɓata tambarinsa, na huɗu ya ƙi amincewa da shi, na biyar ma haka, har ƙarshen sarƙar. Sannan littafin ba ɗaya ba ne a ƙarƙashin katifar mutum ɗaya. Kwafinsa yana hannun dubban na'urori a faɗin duniya. Haka wanda ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya tsara Bitcoin, ya bayyana tsarin a 2008, aka fara aiki da shi a watan Janairun 2009.

Layi arba'in da 'yan kai na rubuta, na gina 'yar sarƙata, na zuba zubin mata goma sha biyu na ƙarya a ciki. Na koma na rage naira ɗari biyar daga shafi na biyu, na umarci na'urar ta bincika. Ta ce sarƙa ta tsinke, ta nuna mini wurin. Na yi ihu har awakin maƙwabta suka watse.

Daga nan na leƙa Ethereum, wanda aka ƙaddamar a 2015, inda ake rubuta yarjejeniya mai zartar da kanta da yaren Solidity. Akwai dandalin gwaji mai suna Sepolia da ake aiki da kuɗin wasa, mutum ya yi kuskurensa ba tare da asarar ko kwabo ba. Na ji daɗin hakan, domin na karanta labarin The DAO, yadda a 2016 wani ya bi ta ɓarakar da aka bari a rubutun yarjejeniya ya janye Ether sama da miliyan uku. Idan ƙwararru sun yi irin wannan tuntuɓe, ina ga ni mai koyo da waya mai tsagaggen gilashi? Kawuna kuwa duk lokacin da ya gan ni a sunkuye, tambayarsa ɗaya ce: "Ɗana, taka yaushe za ta fashe?" Na gaji da yi masa bayanin cewa tawa ba mai fashewa ba ce.

Da na ga na ƙoshi da kaina, sai na kai wa Inna. Tana tankaɗen garin gero, na durƙusa na nuna mata allon, na yi ta zuba bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta karkaɗe hannunta.

"To, wa yake rubutawa a ciki tun farko?"

Na ce, "Ke ce, Inna."

"Idan aka kawo mini dubu biyu na rubuta dubu ɗaya fa? Zai gane?"

Na yi shiru. Ba zai gane ba. Zai karɓi ƙaryar ya buga mata tambari, ya tsare ta da irin amanar da zai tsare gaskiya. Wata shida ina karatu, ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Ta ƙara da cewa a cikin matan nan uku ne kawai ke da babbar waya, kuma biyu daga ciki ta mazajensu ce.

Raina ya ɓaci a daren, har na yi tunanin goge manhajar. Amma da na kwanta ina juya maganar, sai na ga abin da ya cuci Inna ba ƙaryar mai rubutu ba ce, kasancewar littafin guda ɗaya ne tilo. Wannan kuwa na koyi maganinsa, kuma ba ya bukatar caji.

Washegari na sayo littattafan makaranta guda uku. Ɗaya yana wurin Inna, biyu suna hannun wasu mata biyu da sauran suka zaɓa, waɗanda suka yi makarantar Islamiyya suka iya rubutu. Duk Juma'a ana faɗar zubin kowa da ƙarfi, a rubuta a littattafan uku a gaban kowa, kuma jimlar makon jiya ce ake fara ɗorawa a saman sabon shafi. Matar da aka yi rigimar da ita ce ta fara cewa a ba ta riƙon littafi ɗaya, Inna kuwa ta miƙa mata ba tare da ta dube ni ba.

Har yanzu ina rubutun Solidity da dare idan akwai caji. Yarjejeniyar adashen da nake ginawa a Sepolia tana ƙin biyan mace ta goma sha biyu idan zagaye ya zo ƙarshe, kuma mako uku ke nan ina neman layin da na yi kuskuren.