Farin Fenti Ba Rami Ba Ne

Shekara ta biyu ke nan ina koyon zane a kwamfuta a Shomolu, cibiyar masu buga takardu a Legas. Ga wani kuskure da na yi, ko wani zai tsira daga irinsa.

Wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya ba ni aikin farantin roba mai ramukan haruffa, wanda ake ɗorawa a kan buhu a shafa fenti, suna ya fito. Ya ce a sa sunansa da jinjirin wata da taurari uku, don buhunansa suna yawan cakuɗewa da na wasu wurin sauke kaya.

Na buɗe CorelDRAW, na zana baƙin faranti, na jera fararen haruffa da taurari a kai. Watan kuwa, farin da'ira na yi, na rufe gefensa da baƙin da'ira. A fuskar kwamfuta abin gwanin sha'awa. Da aka kai wa na'urar yanka, sai ta yanke da'irorin biyu cif, wata ya ɓace. Cikin haruffan A da D da O ma duk ya zube ƙasa. Roba ta lalace, kuɗin mutum ya tafi.

Maigidana ya ce, "Ita na'ura ba ta ganin launi, layi take bi." Ya zaunar da ni muka sake aikin.

Da farko mun ajiye kwafi a gefe. Muka mayar da rubutun zane da Ctrl+Q. Muka yanke siraran gadoji a jikin kowane harafi mai ciki, don su riƙe tsakiyarsa. Muka cire ƙaramin da'ira daga babba, wata na gaske ya fito. Sannan muka haɗe haruffa da wata da taurari suka zama abu guda da Weld, muka zaɓe su tare da farantin, muka danna Back minus front. Sau ɗaya duk ramukan suka fita. A ƙarshe muka duba a Wireframe, inda layi kawai ake gani. Masu Inkscape ma haka ne: Union tukuna, sannan Difference.

Na je na gaya wa dattijon gaskiya, na ce, "Baba, laifina ne, ni zan biya robar." Ya ce, "Ɗana, raba biyu za mu yi, tunda ba ka ɓoye ba."

Ƙannena masu koyon wannan sana'a, kada ku tura aiki wurin yanka sai kun duba layukansa. Allah ya sa albarka a neman halalinmu, amin.