Baturiyar Gwaggo a Damagaram

'Yar'uwa mai karatu, ko kin taɓa zuwa garin da ake yin yarenki amma sayen tumatir ya gagare ki? To ni ya faru da ni a shekarar 2010, da muka tafi Damagaram bikin 'yar Gwaggona. Da asuba muka bar Kano, muka bi ta Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, muka wuce Matamaye, can sai ga jibga-jibgan duwatsun garin kamar da hannu aka ɗora su. Gidan Gwaggo a Birni yake, tsohuwar unguwa mai lunguna, ba nisa da fadar Sarki. Garin nan fa shi ne hedikwatar Nijar kafin Turawan Faransa su mayar da ita Yamai a 1926.

Ina shiga tsakar gida sai na yi turus. Wata doguwar Baturiya ce fara sol, zaninta a karkace, ta duƙufa tana tankaɗe. Ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, ina gajiya, ina mutanen Kano?" Wallahi sai da na waiga bayana. Ashe Ba'amurkiya ce daga cikin 'yan sa-kai na Peace Corps, waɗanda suka fara zuwa Nijar tun 1962, kuma ɗakinta katanga ɗaya ce da ta Gwaggo. Yara "Anasara" suke ce mata, Gwaggo kuwa "ɗiyata".

Da daddare muna kan tabarma ta dinga ba mu labarin zuwanta. Wai ranar farko a kasuwa mai albasa ya ce mata dala ashirin, gabanta ya faɗi, don ta zaci dalar ƙasarsu yake nufi. Nan kuwa a Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100 ke nan, ko kwatan dalar Amurka ba ta kai ba. Na yi dariya har da hawaye. Washegari a kasuwar Dole aka ce mini dala saba'in, na tsaya ina zare ido, ita ce ta raɗa mini, "Sefa 350." Ni Bakanuwa, Baturiya ke yi mini tafinta! Makaranta ma lakwal suke cewa, wutar lantarki kuran.

Wata rana ganyen miya take nema, ta ja muryar ba daidai ba ta ce wa matan gidan, "Ina son kuka," sai suka taso suna tambayar wa ya rasu. In ta kira mahaifiyarta ta ce zafi ya kai 45, tsohuwar ba ta gane ba sai ta ce mata 113, don ma'auninsu daban ne.

Amma abin da ya sa ta kukan gaske gaisuwa ce. A garinsu mutum na tafe yake jefa gaisuwa, ba ya ko tsayawa. Haka ta dinga wuce tsofaffin unguwa tana ɗaga musu hannu, wani lokacin ma na hagu. Aka ce girman kai gare ta, kwanon tuwon da maƙwabta ke aiko mata ya daina zuwa, ita ko ba ta san laifinta ba. Ta ce har ta fara haɗa kayanta. Gwaggo ce ta zaunar da ita ta ce, "Ɗiyata, nan ba a wuce mutum. Ki rage tsawo, ki tambayi kwana, ki tambayi gajiya, ki tambayi iyali. In an tambaye ki gajiya kuma, ko kina faɗuwa ki ce babu." A nan ma ta sake yin ɓaranɓarama, ta tambayi Gwaggo sunan ɗanta na fari. Gwaggo ta sunkuyar da kai, ita kuwa ta ƙara ɗaga murya wai ko ba ta ji ba!

A watan Janairu na 2011 aka sace wasu samarin Faransa biyu a Yamai, sai aka kwashe 'yan sa-kan Amurka gaba ɗaya daga ƙasar. Gwaggo ta ce mota na jiranta a bakin titi, amma sai da ta shiga gida-gida ta durƙusa ta yi sallama, har da tsohuwar da ta fi kowa zaginta. Duk Sallah takan bugo waya. Gwaggo ta ce rabin kuɗin wayar a gaisuwa yake ƙarewa, kuma in ta zo kan ɗan farin nan, "Ina Yaya Babba?" take cewa.