Abin da Na Gani a Kogin Trishuli

Ƙasar Nepal tana tsakanin Indiya da Sin, a jikin duwatsun Himalaya, inda dutsen Everest yake, mai tsawon mita 8,849. Ƙanƙarar da ke bisa duwatsun nan ita ke narkewa, ta haɗu da ruwan damina, ta gangaro cikin kwazazzabai ta zama koguna masu ƙarfin gaske. Ɗaya daga cikinsu shi ne Trishuli, wanda ya taso daga Tibet. A kansa ne na shiga wasan da baƙi ke zuwa yi daga nisan duniya, watau bin ruwa mai gudu da kumfa cikin jirgin roba da aka hura wa iska.

Mu takwas ne, sarkin jirgi na tara. Tun muna gaɓa ya ba kowa filafili da hular kwano da rigar hana nutsewa, sa'an nan ya bi mu ɗaya ɗaya yana jan ɗamarar rigar, wanda tasa ta yi sako-sako ya ɗaure masa tamau. Ya ce masu wasan nan sun kasa haɗarin ruwa mataki 6, namu yau na 3 ne. Wanda ya faɗa kuwa, ya kwanta rigingine, ƙafafu gaba, kada ya kuskura ya miƙe tsaye, don kada dutse ya riƙe masa ƙafa ruwa ya danne shi.

Da muka isa wani gangare, sai ruwa ya ɗaga jirgin ya maka shi gefen dutse, wani ƙato gwanin iyo da ke gabana ya wuntsila ciki. Sanyin ruwan ya ɗauke masa numfashi, iyo ya gagara. Rigar nan ce ta taso da shi, muka kama kafaɗunta muka jawo shi.

Tun daga ranar zuciyata ke komawa gida. Waɗannan mutane wasa suke yi, amma ba su yarda a shiga ruwa ba riga ba, ba su kuma ƙara mutum ɗaya bisa ƙa'ida. Mu kuwa da ke fito don kasuwa da biki, mukan cika jirgi maƙil da mata da yara da buhuna, har da dare. A 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara ta Jihar Kebbi, a 2023 wani ya kife da 'yan biki a yankin Patigi ta Jihar Kwara, mutum fiye da 100 suka rasu.

Jama'a, ajali na Allah ne, amma rigakafi ya fi magani. Ina roƙon sarakunan ruwa da hukuma su tsaya a kowace mashiga, a ƙidaya fasinja, a ɗaura wa kowa riga kafin a tura jirgi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kiyaye na baya, amin.