Kanwa da Citta

Masu iya magana suna cewa haihuwa maganin mutuwa. Mun sha feɗe wannan karin magana a gaban ɗalibai, amma ba mu san nauyinsa ba sai yammacin da aka sallamo mai ɗakinmu daga asibiti a Kafanchan, tana rungume da jaririya, bayan shekara tara muna zuba ido.

Gidan gado muka sauka, wato wanda kakanmu ya gina bayan ya biyo aikin jirgin ƙasa, sa'ad da garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927. A zaure mu ne Dakta, a tsakar gida kuwa sarauta ta Inna ce. Kafin mu gama yi wa jaririya huɗuba, har ta sa an girka tukunyar wanka, an karyo ganyen darbejiya, an jiƙa kanwa. Daga nan aka sallame mu, domin a al'ada ɗakin jego ba wurin maza ba ne.

Haƙiƙa a daren nan barci bai ɗauke mu ba. Mun san cewa tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wanka. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Daɗin daɗawa, mai ɗakinmu ta yi fama da hawan jini tun cikin yana wata bakwai.

Da gari ya waye muka durƙusa gaban Inna, muka jero hujjoji kamar muna gabatar da maƙala. Ta saurara har muka dasa aya, sannan ta ce, “Malam, kunun nan na sha na shayar da kai, ga shi har ka zama abin da ka zama.” Kunya ta ɗaure mana baki, muka koma zaure da iliminmu.

A rana ta uku sai ga sallamar tsohuwar maƙwabciyarmu, 'yar ƙabilar Bajju, Kirista, ma'aikaciyar jinya mai ritaya. Ta tashi daga unguwarmu bayan rikicin watan Afrilu na 2011, lokacin da aka ƙone kasuwa, kowa ya koma inda masu addininsa suka fi yawa. Labarin haihuwa ta ji, ta ƙullo cittar Kwoi a gefen zane ta zo barka. Ta ɗauki jaririya ta yi mata kirari, sa'an nan ta danna ƙafar mai jego da yatsa, sai wurin ya loɓa. Ba ta ambaci likitocin Zariya ba. Cewa ta yi, “Hajiya, ke kika yi mini wankan ɗana na fari, ba zan ɓoye miki ba. A sirka ruwan nan, a ajiye kanwa, ga citta a zuba a kunu. Gobe ni da ke za mu mayar da 'yarmu asibiti.” Inna ta yi jim, ta ce, “To, tun da ke kika faɗa.”

An je, an tarar jinin ya hau, aka ba da magani. Ranar suna muka yanka rago, wanzami ya yi aski, mai jego ta fito da ƙafarta. Maƙwabciyar kuwa ta zo da ƙawayenta na zumuntar mata, suka cika tabarmar Inna.

Abin lura a nan shi ne, maganar da muka faɗa aka ƙi, ita ce ta faɗa aka karɓa, domin tata ta biyo ta hanyar zaman tare na shekara da shekaru. Sai dai irin waɗannan iyaye sun tsufa, 'ya'yanmu kuma suna tasowa a unguwanni rabe-rabe, ba su san ƙofar juna ba. Mukan dubi jaririyar nan tana barci, mu tambayi kanmu: in Allah ya kai ta ranar nata jegon, wa zai ƙullo mata citta daga wancan ɓangare na gari?