Gini ake dubawa, ko mai ɗaurawa?

Mu da muka tashi muna ganin ana ɗaura aure a zaure, ko bisa tabarmi a ƙofar gida, ko a harabar masallaci bayan an sauko daga Juma'a, ba mu taɓa ɗaukar wurin ɗaurin aure abin muhawara ba. Idan waliyyi ya halarta, shaidu sun zauna, an ambaci sadaki, to aure ya ɗauru ko da a gindin bedi ne.

A Ingila da Wales, inda wasu ƴan uwanmu ke zaune, gini doka take dubawa. Dokar aure ta 1949, wadda saiwarta ta kai 1836, ta tsare auren hukuma a ofishin rajista. Gyaran 1994 ne ya ƙara otal-otal da manyan gidaje masu lasisi, kuma sai a 2021 aka yarda a fito farfajiyarsu. Masallaci ma, in ba a yi masa rajistar ɗaurin aure ba, abin da aka ƙulla a cikinsa bai shiga kundin hukuma ba.

A watan Yuli na 2022 Hukumar Bitar Dokoki ta ƙasar ta ba da shawarar a juya al'amarin: a ɗora alhaki kan mutumin da ke ɗaurawa, kamar yadda ake yi a Scotland, a bar ma'aurata su zaɓi wuri. Jaridu suka yi ta zancen bakin teku da lambu da jirgin ruwa. Mu dai wani waje hankalinmu ya tafi.

A 1998 wani liman ya ɗaura wa wasu Musulmi biyu aure a wani gidan cin abinci a Landan, a gaban jama'a. Suka zauna shekara kusan 18, suka haifi ƴaƴa huɗu. Da zama ya ƙi, matar ta kai ƙara. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a idon doka ba a taɓa yin aure ba. Ma'anar wannan ita ce, mace mai irin wannan aure ba ta da haƙƙin matar aure a rabon dukiya ranar rabuwa, in kuma mijin ya rasu bai bar wasiyya ba, doka ba ta lissafa ta kai tsaye cikin magada.

Shawarar, in ta zama doka, za ta ba liman mai rajista damar ɗaura aure a falo, addini da hukuma su haɗu a zama ɗaya. Muna maraba da haka, amma da taka-tsantsan. Har yanzu sai an sanar da hukuma tun kafin ranar, kuma sai ango ya yarda ya sa hannu. Matar nan ta Landan ta shaida wa kotu cewa sun yi alkawarin zuwa ofishin rajista bayan ɗaurin auren, ta yi ta tuna wa mijin, ba a je ba.