Wa Ya Faɗa Maka?

Ƴan'uwa ɗalibai, mu faɗa wa juna gaskiya: in mushe ya ba da ekispoze, kafin mu tuna da ɗakin karatu Wikipedia muke buɗewa a waya. Mu kwafa, mu kai, a ba mu maki. Kaɗan ne cikinmu suka san cewa kowane layi na wannan kundi mutum ne kamarmu ya rubuta shi, ba albashi ba ladan aiki, kuma wani layin sai da aka sha gardama kansa kafin ya zauna. Tun da aka buɗe kundin a 2001 kowa na iya sa hannu. Abin da ya hana shi komawa hayaniyar kasuwar Dole dokoki uku ne: kada ka ɗauki gefe, kada ka kawo binciken kanka, kuma duk abin da ka rubuta ka nuna inda aka buga shi. In ba ka nuna ba, sai a manna maka "ana buƙatar hujja", kuma kowa na da ikon goge shi.

Shekara biyu ke nan ina taɓa gyara a na Hausa tare da abokai biyu, ɗaya ƴar Dogon Dutsi, ɗaya ɗan Damagaram. Gardamar da ta fi daɗewa tsakaninmu a kan Sarauniya Mangu ce. Abin da ba mu yi jayayya kansa ba shi ne wannan: a watan Afrilu na 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya auka wa Lugu, mutanen Sarauniya suka yi tsayin daka, ayarin ya wuce gabas ya ƙone Birnin Ƙonni, a watan Yuli kuma sojojinsu da kansu suka kashe hafsoshin biyu a wajen Maijirgi. Rigimar ta taso ne da ƙawar tamu ta so ƙara abin da kakarta ke ba su labari tun suna yara: yadda mutane suka janye cikin kurmi, da yadda suka dawo bayan ayarin ya wuce. Ta rubuta, ɗan Damagaram ya cire. Ta maida, ya sake cirewa.

Shi hujjarsa ba ta raini ba ce. Ya ce in aka karɓi maganar kaka ɗaya, to an karɓi ta kowace kaka. A garinsu, in ji shi, gida nawa ne ba su cewa kakansu na gefen Sarki Ahmadu Kuran Daga ranar yaƙin Tirmini? Ka buɗe wannan ƙofa, gobe duk mai neman sarautar garinsu ya shigo ya rubuta cewa gidansu ne asali. Ya kuma tuna mana abin da ya faru a Amurka a 2005, da wani ya rubuta ƙarya a tarihin ɗan jarida John Seigenthaler, wai an taɓa zarginsa da hannu a kisan gidan Kennedy, maganar ta yi wata huɗu ba wanda ya lura. Bayan nan aka tsananta doka a kan rubutu game da mutanen da ke raye. Ya ce mu da muke ganin yadda ji-ta-ji-ta ke yawo a WhatsApp, mu ne ya kamata mu fi kowa riƙe wannan doka.

Ita kuma tambaya ɗaya ta yi, kuma har yau tana yi mini nauyi: takardar da kuke kira hujja, wa ya rubuta ta? Rahotannin farko na wannan yaƙi hafsoshin ayarin ne suka rubuta, wato waɗanda suka cinna wutar. Nasu ya shiga ma'ajiyar tarihi a Faransa, masu bincike suka ɗauko suka buga, ya sami lambar shafi. Na wanda aka ƙone wa rumbu ya tsaya a baki. Ta ce ashe dokar da ake cewa ba ta da gefe, tun kafin a fara magana ta riga ta zaɓi wanda ke da alƙalami.

Nan ɗan Damagaram ya kawo abin da ya ƙara rikita lamarin. Yawancin abin da mu matasa muka sani game da Sarauniya daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 ya fito, da fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986. Littafin ƙagaggen labari ne, marubucin ya gina shi a kan tarihi ya ƙara nasa. Shekara arba'in ana karanta shi a lakwal, ana nuna fim ɗin, ana maganarsa a rediyo. To ta yaya za a rabe abin da kaka ta gada daga iyayenta da abin da ya shigo mata ta rediyo? Ƙawar ba ta ji daɗin tambayar ba, amma ba ta ce ƙarya ce ba.

Ba mu ne muka fara wannan gardama ba. A 2011 wani ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya gwada ɗaukar muryar mutane a ƙauyukan Indiya da Afirka ta Kudu don a kafa hujja da ita a kundin. An yi ta muhawara, amma abin bai zama doka ta kowa ba. Haka nan goge-in-maida irin namu sananne ne, har a na Ingilishi aka hana mutum maida gyara fiye da sau uku cikin awa 24. Ana so a zauna a daidaita da hujja, yawan baki ba ya yanke hukunci.

Ni inda na tsaya: dokar ta zauna, kuma ƙawata tana da gaskiya. Kundin ba wurin da ake fara tabbatar da magana ba ne, yana tattara abin da aka riga aka tantance a wani wuri. Wannan wurin kuwa muna da shi. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa tun 1968 don tarihin baka, akwai IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. Boubou Hama ya ƙarar da shekaru yana tattara maganar tsofaffi. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram, Djibo Hamani ya rubuta na Adar, kuma duka biyun sun zauna gaban dattawa, suka gwama abin da suka ji da abin da ke takarda. Malamanmu na zaure ma sun san wannan hanya: ba a karɓar ruwaya sai an ji wa ya faɗa, daga wa ya ji. In maganar kaka ta bi ta nan aka buga ta, ba mai iya goge ta. Sai a rubuta a fili: rahoton Faransawa ya ce kaza, mutanen Lugu kuma sun ce kaza, kamar yadda wane ya ruwaito. Mai karatu ya ga duka biyun.

Wannan ɗan littafin namu na fotokofi ma ba za a karɓe shi hujja ba, don mu muka rubuta, mu muka buga, ba wanda ya tantance. Ban ga laifi a nan ba. Amma cikinmu akwai masu shirin memuwar a Maraɗi, Tawa, Damagaram da Yamai, kuma kowa na da tsoho a gida. In babban hutu ya zo, ka caja wayarka, ka nemi izini, ka ɗauki murya. Ka rubuta sunan mai magana, garinsu, ranar da kuka zauna, da wanda ya ba shi labarin. Ka je ka tambayi na biyu a wani gida, ko da zai saɓa wa na farko. Sa'an nan ka kai wa malaminka na tarihi. Ƙawarmu ta Dogon Dutsi ta riga ta yi zama uku da kakarta, kuma ɗan Damagaram ne ke taya ta juya muryar zuwa rubutu.